Yadda ragowar kara a gona ke tona asirin cutar da ta daina jin magani

Manomin shinkafa ko gyaɗa daga mazaɓar Kachalla Sembe a Jalingo, idan ya yi feshi sau biyu amma ganye ya ci gaba da ƙonewa, abin da zai fara zargi shi ne an sayar masa da jabu. Sau da yawa yana da gaskiya. Sai dai akwai wani dalilin da ido ba ya gani: maganin na gaske ne, fumfunar da ke haddasa cutar ce ta daina jin sa.

Idan aka daɗe ana fesa magani iri ɗaya, ƙwayoyin cutar masu rauni sukan mutu, 'yan tsirarun da ke da juriya su rayu su hayayyafa, har su mamaye gonar. A 1980, shekaru kaɗan bayan fitowar maganin metalaxyl, cutar ƙunar dankalin Turawa ta bijire masa a Ireland da Holan. Rukunin strobilurin ya shiga kasuwa a 1996, amma zuwa 1998 wata cutar alkama ta gagare shi a arewacin Jamus, sannan a 2012 cutar ƙunar shinkafa ta bi sahu a Japan. Dangin metalaxyl ɗin nan yana cikin garin Apron Star da manoman Arewa ke cuɗa iri da shi.

Ina ƙwayoyin da suka tsira ke fakewa da rani? A cikin tattakar shinkafa da tushiyar kara da busasshen ganyen gyaɗa, suna jiran ruwan farko. Saboda haka ne masu bincike, musamman a gonakin sha'ir na Ostireliya, ke tattara wannan ragowa bayan girbi. Ɗanyen ganye kan ruɓe a hanya, busasshen kara kuwa zai yi tafiya daga Jalingo zuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, ko cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja, ba tare da firji ba.

Ɗibar samfurin ba ta da wuya. Ana ratsa gonar a karkace, a tsinci kara daga wurare da dama, ba daga bakin hanya kaɗai ba. A shanya a inuwa, a zuba cikin jakar takarda, domin leda tana riƙe laima, wata fumfunar ta tsiro ta ɓata aikin. Abin da aka fi mantawa, alhali shi ne ginshiƙin binciken, shi ne rubuta sunan irin da aka shuka da maganin da aka fesa da yawan feshin. A ɗakin gwaji ana rainon fumfunar a faifan da aka sa wa magani ma'auni daban-daban, ko a binciki ƙwayoyin halittarta a nemi canjin da ke ba ta juriya.

Idan sakamako ya nuna juriya, sake sayen maganin asarar kuɗi ce, ko da an canza sunan da ke jikin kwalba, tunda kamfanoni da yawa sinadari ɗaya suke sayarwa da sunaye daban-daban. Sai a koma wani rukunin, a riƙa karɓa-karɓa tsakaninsu, a sauya shuka, a nemi iri mai jure cuta.

Cikas ɗin a Taraba shi ne lokaci. Harawa kuɗi ce, shanu na shiga gona da zarar an kwashe amfani, abin da ya rage kuma wuta ke cinye shi. Malamin gonan da bai isa ba a makonnin farko bayan girbi, toka kawai zai tarar.