Abin Da Jerin Albashi Ke Faɗa Game Da Zungur

Daga ranar 25 ga wata, mai ƙaramin shago a ƙasar Zungur kunnensa na kan wayar maƙwabcinsa. Idan alat ya shigo wa malamin firamare da ma'aikaciyar asibiti, a ranar za a buɗe littafin bashi a soke layi biyu ko uku, mahauci ya ƙara yanka, uwar adashe ta fita zagaye. Idan bai shigo ba, kasuwar Liman Katagum kanta sai ta yi sanyi. A jihar da masana'antu ba su da yawa kamar Bauchi, albashin gwamnati ne jinin da ke zagaya jikin kasuwa. Shi ya sa maganar yadda ake tsara jerin masu karɓarsa ta shafi har wanda bai taɓa taka sakatariya ba.

Kusan shekara ashirin ke nan hukumomi na ƙoƙarin raba wannan jeri da takarda su mayar da shi cikin kwamfuta. Gwamnatin tarayya ta fara tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007. Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN a 2014, wadda ke ɗaure duk asusun mutum da zanen yatsunsa. Da aka haɗa biyun, a farkon 2016 ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin albashin tarayya. Dabarar ba mai wuya ba ce: idan albashin mutum goma na faɗawa asusun da yatsa ɗaya ya buɗe, na'ura za ta gani cikin ƙiftawar ido, abin da akawu zai shekara bai gano ba, ko ya gano ya kau da kai.

Jihohi sun bi sahu, kuma talauci ne ya kora su, ba sha'awar zamani ba. Farashin ɗanyen mai ya faɗi daga ƙarshen 2014, kason da ake rabawa a Abuja ya ragu, jihohi da dama suka kasa biyan albashi. Mafi ƙarancin albashi kuwa bai tsaya ba: naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sai 70,000 a 2024. Gwamnan da ke neman inda zai rage kashe kuɗi, wurin da ya fi sauƙin nunawa da yatsa shi ne ma'aikatan bogi. A Bauchi an yi tantancewa a zamanin Gwamna Mohammed Abdullahi Abubakar, aka sake yi bayan hawan Gwamna Bala Mohammed a 2019, lokacin da gwamnati ta ce sunaye sama da 41,000 a jerin albashi da fansho ba su da lambar BVN a maƙale da su.

Ba na musun cewa akwai ɓarna. Akwai mamacin da albashinsa ke fita, akwai ɗan gata da ke karatu a wani gari sunansa na cikin ma'aikatan ƙaramar hukuma. Kowace naira da aka ƙwato daga irin waɗannan, haƙƙin jama'a ce ta dawo gida. Sai dai rashin lamba a gaban suna ba ya nufin babu mutum a bayan sunan.

Na san wani malami da ke koyarwa a wani ƙauye. A takardar ɗaukarsa aiki an rubuta Muhammad, a banki Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma an sa sunan kakansa a inda sunan mahaifinsa ya kamata ya zauna. Ranar haihuwarsa 1 ga Janairu ce, kamar dubban 'yan'uwansa da aka haifa a gida ba a rubuta ba. Na'ura ta ga mutum uku, ta tsayar da albashi. Na gan shi da takardunsa a cikin leda, ya naɗe ta sau biyu saboda ruwan sama, yana lissafin kuɗin mota da na hoton takardu da na rantsuwa a kotu. Wata uku yana sintiri kafin a mayar da shi. A watannin nan ajinsa a rufe yake duk ranar da ya shigo gari, kuma mai shagon da ke ba shi gero bashi shi ma ya ji a jikinsa. Wannan asara ba ta shiga rahoton kowane kwamiti, domin rahoto kuɗin da aka yi tsiminsa yake ƙirgawa. Malaman jami'a ma sun daɗe suna kukan cewa IPPIS bai san yanayin aikinsu ba, har gwamnatin tarayya ta amince da fitar da su daga cikinsa a Disambar 2023.

Abin da ya fi damuna shi ne mun mayar da waɗannan bayanai tarkon kama ɓarawo kawai, alhali amfaninsu ya wuce nan nesa. Jerin albashi ya san ranar da aka ɗauki kowa aiki, da ranar haihuwarsa, da matakinsa, da wurin da aka tura shi. Tunda ƙa'idar aikin gwamnati ga yawancin ma'aikata ita ce ritaya bayan shekara 35 a bakin aiki ko cika shekara 60, duk mai iya lissafi zai faɗa maka yau ma'aikatan jinya nawa za su bar aiki nan da shekara biyar, da kuɗin giratuti da ya kamata a fara tarawa dominsu. Tarin bashin giratuti da ke sa tsofaffi zaman jiran tsammani ba daga sama yake faɗowa ba; kwanan watansa na rubuce tun ranar da aka ɗauke su. Haka ƙarin girma. Ana ba mutum takarda, ya shekara biyu bai ga bambanci a alat ba, saboda ofishin da ke ba da takardar da wanda ke biyan kuɗin ba littafi ɗaya suke dubawa ba.

Ƙaramar hukumar Bauchi ta fi kowace buƙatar irin wannan karatu, domin ta haɗa birni da karkara a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A takarda, malamin da ke cikin ganuwa da wanda ke can cikin Zungur ko Galambi duk ma'aikatan ƙaramar hukuma ɗaya ne, don haka jimillar malamai na iya yin kyau a ido. Sai an raba jerin makaranta-makaranta, an aza shi kusa da rajistar ɗalibai, sannan za a ga inda malamai suka yi cunkoso da inda mutum biyu ke riƙe da aji shida. Kowa ya san masu uwa a gindin murhu sukan nemi canjin wuri zuwa gari. Jerin albashi zai iya nuna yawansu, da shekarar da abin ya ƙaru, har ya ba da hujjar ware alawus na musamman ga wanda ya yarda ya zauna a ƙauye.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa maganar nauyi. Albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya a matakin farko daga wannan kaso yake fita. Idan hukuncin ya zauna da gindinsa, kowace cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar za ta buƙaci wanda ya iya karanta jerinta, ba wanda ya iya tura shi banki kawai ba. Aikin ba ya buƙatar kwamitin manya duk bayan shekara huɗu. Duk wata, kafin a biya, a fitar da sunayen da suka shigo da waɗanda suka fita da waɗanda kuɗinsu ya canza, a aika wa shugaban makaranta da mai kula da asibiti su sa hannu a kan waɗanda suke gani da idonsu. Inda aka ga saɓanin suna, a kira mai sunan a waya a ba shi wa'adin gyarawa, albashinsa na tafiya. Kuma teburin gyaran ya je Liman Katagum ranar kasuwa, maimakon malami ya rufe aji ya biyo shi Bauchi.