Haƙƙin Mallakar Ƙirƙira a Sassan Inji da Abin da Yake Nufi ga Makanikan Kano

Babu wani ƙarfe da makanike yake kwancewa daga jikin injin mota ko na babur a garejojin Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni, tun daga fistan da ringi har zuwa fulogi da kafireta, wanda ba wani mutum ne ya fara zaunawa ya yi tunaninsa, ya zana shi, ya gwada shi ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan sassa an taɓa yi musu rajista da sunan waɗanda suka ƙago su. Wannan rajista ita ake kira haƙƙin mallakar ƙirƙira, wato wata yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma, inda shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla a rubuce, ita kuma ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba har na tsawon wani wa'adi, wanda a yawancin ƙasashe shekara 20 ne. Da zarar wa'adin ya cika, ilimin ya zama na kowa.

Injin da ake magana a kansa shi ne wanda yake ƙona mai a cikin cikinsa, saɓanin injin tururi na jiragen ƙasan dā wanda ake hura wa wuta daga waje. Zuciyarsa ita ce silinda, wato ramin ƙarfe da fistan yake hawa da sauka a ciki, kuma a yawancin injuna aikinsa mataki huɗu ne: fistan ya sauka ya shaƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa fistan ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Bajamushe Nikolaus Otto ne ya gina injin da ya yi aiki a kan wannan tsari a 1876, ya kuma sami rajistarsa a shekarar da ta biyo, amma a 1886 aka soke rajistar a Jamus bayan an gano cewa wani Bafaranshe, Alphonse Beau de Rochas, ya riga ya bayyana tsarin a rubuce tun 1862. Wannan hukunci ya buɗe wa sauran maƙera ƙofa, ya kuma nuna ƙa'idar da har yau ake bi, cewa abin da aka riga aka bayyana wa duniya ba ya zama mallakar wani daga baya. A wannan shekara ta 1886 ne kuma Karl Benz ya nemi rajistar motarsa mai ƙafa uku, yayin da Rudolf Diesel ya sami tasa a 1893 a kan injin da yake matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, shi ya sa injin dizal ba ya buƙatar fulogi.

Ƙananan sassa su ne suka fi nuna zurfin tunanin da ke cikin inji, kuma ringi misali ne mai kyau. Idan aka sauke inji aka zaro fistan, za a ga wasu siraran zobba a cikin tsagogin da ke kewaye da kansa, kowane zobe da 'yar yanka a gefe guda, kuma wannan yanka ce take ba shi damar buɗewa ya manne da bangon silinda, sannan ta bar masa wurin miƙewa idan ya yi zafi. Wani injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, John Ramsbottom, shi ya ƙago irin wannan zobe a 1852 domin injin tururi, daga baya masu injin fetur suka gaje shi. Zobban sama suna tare ƙarfin wuta kada ya zurare ƙasa, na ƙasa kuma yana share baƙin mai daga bango ya mayar da shi cikin inji, saboda haka idan direba ya yi kukan motarsa tana shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, makanike yakan fara zargin ringi ya cinye. Haka fulogi ya sami karɓuwa bayan 1902, lokacin da Gottlob Honold na kamfanin Bosch ya haɗa shi da na'urar da ke samar da lantarki mai ƙarfin tsallaka 'yar tazarar da ke bakinsa, sannan Alfred Büchi na Suwizalan ya yi rajistar tabo a 1905, na'urar da ke amfani da ƙarfin hayaƙi wajen cusa ƙarin iska cikin silinda.

Batun bai tsaya a tarihin Turai ba, domin ya shafi kamfanoni biyu na Indiya da kekunansu na Adaidaita Sahu suka cika titin Zariya da sauran titunan Kano. A 2005 kamfanin Bajaj ya sami rajista a Indiya a kan sanya fulogi biyu a ƙaramar silinda guda, domin wuta ta kama daga ɓangarori biyu, mai ya ƙone da sauri kuma ya ƙone sosai. Da kamfanin TVS ya fito da babur mai suna Flame a 2007, shi ma da fulogi biyu, sai Bajaj ya ce an shiga gonarsa, kuma Babbar Kotun Madras ta dakatar da sayar da babur ɗin a 2008, kafin a janye dakatarwar a 2009 bisa la'akari da cewa injin TVS yana da bawul uku, wanda ya bambanta shi da na Bajaj. Sai a 2019 kamfanonin suka yi sulhu. Shari'ar da aka shafe fiye da shekara goma ana yi a kan ɗan ƙarfen da bai wuce tsawon yatsa ba ta isa ta nuna irin dukiyar da ke tattare da ƙaramin gyara idan an rubuta shi an kuma yi masa rajista.

A Nijeriya, dokar da ke kula da wannan fanni ita ce ta 1970, kuma ofishin rajistar yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Dokar ta gindaya sharuɗɗa uku, wato abin ya zama sabo, ya zama ya fito daga tunanin da ba kowane masanin sana'ar ne zai hango shi kai tsaye ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi ko a yi aiki da shi a masana'anta, sannan ta yarda a yi wa gyaran da ya inganta wata tsohuwar ƙirƙira rajista idan ya cika waɗannan sharuɗɗa. Haƙƙin na wanda ya fara shigar da takarda ne, wa'adinsa shekara 20, tare da biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Ofishin yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne, don haka idan gardama ta taso Babbar Kotun Tarayya ce take yanke hukunci. Akwai kuma hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, da take taimaka wa masu bincike da masu ƙirƙira wajen shirya takardun neman rajista.

Wannan tsari yana da amfani ga Kano ta fuska biyu. Ta farko, rajistar kusan dukkan ginshiƙan sassan inji ta daɗe da ƙarewa, kuma takardunsu, da zane-zanensu da bayanin yadda suke aiki, suna nan kyauta a intanet a rumbuna irin su Espacenet da Patentscope da Google Patents. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma duk maƙerin da ya ɗauki ƙirar da wa'adinta ya cika ya ƙera tasa bai taka doka ba, muddin bai buga sunan wani kamfani ko tambarinsa a jiki ba, domin wannan shi ne jabu, kuma wata doka ce daban take hukunta shi. Ƙari a kan haka, rajista tana aiki ne a ƙasar da aka yi ta kawai.

Fuska ta biyu ita ce basirar da ke hannun makanikai. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, an ga yadda masu gyara suka duƙufa wajen sauya kafiretar janareta domin ta yi aiki da iskar gas, kamar yadda suka daɗe suna faɗaɗa ramin silindar da ta cinye, suna yanka gaskit da hannu, suna kuma neman dabarun da inji zai jure zafin bazara da ƙurar hunturu. Ba kowace dabara ce za ta cancanci rajista ba, amma wadda ta cancanta ma takan salwanta, saboda koyon sana'ar na baka ne da kallo, daga maigida zuwa yaro, kuma wanda ya baza dabararsa a kasuwa ko a Facebook kafin ya shigar da takarda ya riga ya zubar da sharaɗin sabunta da hannunsa.

Abin da ya rage shi ne a haɗa mai hannu da mai alƙalami. Tsangayar injiniya ta Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano suna da malamai da ɗaliban da suka iya awo da zane da rubuta bayani, ƙungiyoyin makanikai kuma sun san waɗanda suke da dabara a cikinsu. Ya kamata ɓangarorin biyu su zauna tare, a fassara wa masu sana'a tsofaffin takardun ƙirƙira da Hausa, a kuma koya musu cewa duk wanda ya gano wani sabon abu ya rubuta shi, ya zana shi, ya kai shi rajista kafin ya nuna wa jama'a.