Maganin ƙarar mota: araha ba ta ado, amma tsada ma ba dole ba ce

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, cikin tsohuwar Hiace ko Peugeot 504, ya san cewa ba zama kaɗai ke gajiyar da mutum ba. Ƙarar mota ma tana da nata kaso. Sai a sauka kai na sarawa, kunne na kuwwa, alhali ga ciniki yana jira. Galibin motocin da muke hawa sun gama ƙuruciyarsu a Turai kafin su shigo ta Kwatano ko Lome, kuma abubuwan da kamfani ya shimfiɗa a cikinsu don rage ƙara sun riga sun ruɓe. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa ƴan kasuwa maza da mata bayanin abin da za su saya ba tare da kuɗinsu ya tafi a banza ba.

Maganar ba ta jin daɗi kaɗai ba ce. Masana lafiyar ma'aikata sun tsayar da cewa ƙarar da ta kai desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin sauti, idan mutum yana zama cikinta awa 8 kullum, tana cin jinsa a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Direbobi da masu bin kasuwannin ƙauye kowane mako su ne a sahun gaba.

To amma kafin a sayi komi, a fara da gareji. Wata ƙarar gargaɗi ce. Boris na ƙafa idan ya mutu yana gurnani, gurnanin kuma yana ƙaruwa da gudu. Salansa idan ta huje, ban da ƙara tana iya shigo da hayaƙi mai guba cikin mota. Wanda ya rufe irin wannan ƙara da shimfiɗa ya rufe tukunya ne da wuta a ciki. Haka zalika a duba robar bakin ƙofofi, a ɗaure kusoshin da suka kwance, a toshe ramukan da ke ƙasan mota. Sau da yawa wannan ɗan gyara kaɗai yana kawo sauƙin da ba a zata ba.

Bayan haka sai a san cewa ƙara iri biyu ce, kowace da maganinta. Ta farko ita ce rawar ƙarfen jikin mota, wanda ke amsa kuwwa kamar ganga. Ta biyu ita ce wadda iska ke shigowa da ita daga inji da tayoyi da hanya.

Maganin ta farko shi ne wata shimfiɗa mai danƙo da ake mannawa jikin ƙarfe, fuskarta ɗaya tana da farin alminiyom. A ido duk iri ɗaya ne, amma biyu ne. Akwai ta kwalta, wadda asalinta don toshe yoyon rufin ɗaki aka yi ta, ita ce mai araha. Akwai kuma ta robar butil, mai ɗan tsada. A nan ne da yawa ke faɗawa. A watannin Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Maraɗi da Tawa, motar da aka bari a rana kuwa cikinta yana iya haura 60. Kwalta ba ta jure wannan: tana laushi, ta zame daga ƙofa, ta cika mota da wari. Hajiyar da ta loda atamfa ko kilishi ko garin rogo ta san abin da warin kwalta zai yi wa hajarta. Butil kuwa yana riƙe ƙarfe cikin zafi, kuma ba ya wari.

Ga yadda za a bambance su a shago. A nemi ɗan guntu, a shinshina: idan ana jin warin sabon titi, kwalta ce. A ja shi da yatsa: butil yana miƙewa kamar cingam. In da hali a manna guntun a jikin kwano a bar shi a rana wuni guda. Wanda ya narke ko ya zame, a bar wa mai shi kayansa.

Abin da zai faranta wa mai ƙaramin ƙarfi rai shi ne ba sai an rufe mota duka ba. Don kashe rawar ƙarfe, rufe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin fili ya wadatar, muddin an manna a tsakiyar wuraren da ke shimfiɗe. A ƙwanƙwasa da yatsa: inda ya yi kuwwa a manna, inda ya yi tauri a wuce. Mai kaurin milimita 2 ya isa. Kada a manta kuma tana da nauyi, kusan kilo 3 a kowace mita murabba'i, kuma duk kilon da aka ƙara wa mota an rage shi ne daga kaya.

Ita kuwa ƙarar da iska ke kawowa, abu mai nauyi wanda ba shi da huji ne ke tare ta. Tabarmar roba mai kauri da aka shimfiɗa a ƙasan mota, da siririn soso a ƙarƙashinta, tana aiki sosai in an rufe ko'ina ba a bar giɓi ba. Sai dai a kula da irin soson. Soson katifa da tsumma da buhu suna shan ruwa, idan damina ta zo sai su riƙe laima, tsatsa ta cinye ƙasan mota a ɓoye. A nemi soson da ba ya shan ruwa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tsoma guntu cikin ruwa a matse, idan ruwa ya fito ba shi ba ne.

Wajen sawa ma akwai ƙa'ida. A wanke ƙura da maiƙo, a bari ya bushe sarai, domin danƙo ba ya kama ƙarfe mai ƙura. A danne da kwalba har iska ta fita. Kada a toshe ƴan ramukan da ke gindin ƙofa, ta nan ruwan sama ke fita. Abu mafi muhimmanci, kada a kusantar da soso ko roba ga inji ko bututun salansa, domin gobara ba ta sallama.

Wanda jikkunansa ba su da yawa ya bi abin daki-daki: ƙofofin gaba da ƙasan wajen direba tukuna, sannan saman tayoyin baya, rufi daga ƙarshe. Ya yi tafiya ɗaya ya saurara kafin ya ƙara sayen wani abu. Kuma kada wani mai shago ya yi masa alkawarin cewa tsohuwar mota za ta koma shiru kamar sabuwa. Abin da ake nema shi ne a iya yin magana da na kusa ba tare da ɗaga murya ba, a kuma sauka da sauran ƙarfin yin ciniki.

Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu gida da riba mai albarka.