Urushalima ko Ƙudus: Yadda majami'un Yola da Jimeta suka rabu kan batun Isra'ila

Birni ɗaya ne, amma suna biyu yake da shi a bakin Bahaushe. Wanda ya tashi da Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa a 1932, Urushalima yake cewa. Maƙwabcinsa da ya tashi a makarantar allo kuwa Ƙudus ya sani. A Jimeta, inda masallaci da majami'a kan haɗa layi ɗaya, kuma Hausa ce harshen ciniki da na wa'azi ga Bachama da Kilba da Margi da Fulani, sunan da mutum ya zaɓa kan nuna ɓangaren da ake zaton ya ɗauka tun bai gama magana ba.

Tun bayan harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoba, 2023, da yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar a Gaza, mutane da yawa sun ɗauka cewa Kirista duk inda yake ɗan goyon bayan Isra'ila ne. Zancen bai kai haka sauƙi ba. Tambayar da ta raba malaman tauhidin Kirista ita ce: Isra'ilan da ake karantawa a Tsohon Alkawari ita ce ƙasar da aka kafa a 1948? Manyan ɗariƙun da ke Adamawa ba amsa ɗaya suke bayarwa ba.

Amsar da ta fi ƙara ita ce ta majami'un Fentikos da wasu masu bishara. A wurinsu alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim a sura ta 12 ta littafin Farawa, na albarka ga mai sa masa albarka, yana nan daram a kan Yahudawa da ƙasarsu. Kafuwar ƙasar a 1948 da kame gabashin birnin a yaƙin 1967 cikar annabci ne, kuma alama ce ta kusantowar dawowar Almasihu. Wannan fahimta ba tsohuwa ba ce kamar yadda masu ita kan zata. Wani mai wa'azi, John Nelson Darby, ya tsara ta a ƙarni na 19, sannan Baibul mai sharhi na Scofield da ya fito a 1909 ya baza ta a Amurka, daga can littattafai da tashoshin talabijin suka kawo ta nan. Ziyarar ibada ta ƙara mata ƙarfi. Dokar 2007 ta kafa hukumar maniyyata Kiristoci ta ƙasa, Shugaba Goodluck Jonathan da kansa ya je a 2013, kuma wanda ya dawo yakan liƙa haruffan JP a bayan sunansa, kamar yadda ake kiran wanda ya sauke farali Alhaji.

Labarin Lutheran ya fi sarƙaƙiya, kuma ya fi kusa da gida. Likita ɗan Denmark, Niels Bronnum, ya isa Numan a 1913, daga aikinsa cocin LCCN ta tsiro, makarantar tauhidinta da ke Mbamba a Yola ma sunansa take ɗauke da shi. Amma Martin Luther, wanda ɗariƙar ke amsa sunansa, ya rubuta wani littafi a 1543 inda ya nemi a ƙone wuraren ibadar Yahudawa. Ya yi hakan ne a kan tsohuwar koyarwar da ta daɗe a Turai, cewa ikilisiya ta gaje matsayin Yahudawa, su kuma an yashe su. 'Yan Nazi sun tono rubutun sun yi amfani da shi. Bayan kisan Yahudawa miliyan shida, dole Tarayyar Lutheran ta Duniya ta dubi kanta, kuma a babban taronta na Budapest a 1984 ta nesanta kanta da waɗannan kalamai na Luther.

Sai dai neman gafarar Yahudawa bai sa tarayyar ta zama 'yar amshin shatar gwamnatin Isra'ila ba. Ita ke tafiyar da asibitin Augusta Victoria a kan Dutsen Zaitun, inda Falasɗinawa masu ciwon daji da na ƙoda ke samun magani. Daga 2010 zuwa 2017 shugabanta Bafalasɗine ne haifaffen Ƙudus, Bishop Munib Younan. Wanda ya karɓa daga hannunsa a Windhoek ta Namibiya shi ne Babban Bishop na LCCN, Musa Panti Filibus. A taron da wa'adinsa ya ƙare, a Krakow ta Poland cikin Satumban 2023, wakilai sun je sansanin Auschwitz. Wato jagoran cocin da ke da hedikwata a Numan ya riƙe nauyi biyu a lokaci guda: tunawa da abin da Kiristocin Turai suka bari aka yi wa Yahudawa, da kula da marasa lafiyar da shingayen bincike ke tsakaninsu da asibiti. Abin mamaki ne yadda ba a cika jin wannan tarihi a muhawarar da ake tafkawa a Facebook ba, alhali ɗan gida ne a tsakiyarsa.

Katolika, waɗanda babbar majami'arsu ta Saint Theresa ke Jimeta, suna da matsayi rubutacce. Takardar Nostra Aetate ta 1965 ta hana a ɗora wa Yahudawa baki ɗaya laifin mutuwar Yesu, kuma cocin na dogara da wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, sura 9 zuwa 11, wajen cewa Allah bai janye alkawarinsa daga gare su ba. Amma ta raba al'ummar Yahudawa da gwamnatin Isra'ila. Gwamnati a wurinta aba ce da ake aunawa da dokokin duniya kamar kowace. Shi ya sa Fadar Vatican ta ƙulla yarjejeniya da Isra'ila a 1993, ta kuma ƙulla wata da ƙasar Falasɗinu a 2015. Wannan takarda ta 1965 ita ce kuma ta yi maganar girmama Musulmi, kuma a ƙarƙashin inuwarta za a fahimci abin da Bishop Stephen Dami Mamza ya yi a 2021, lokacin da ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje 86 a Sangere-Marghi, ya haɗa musu da masallaci. Ita kuwa Ekklesiyar 'Yan'uwa, EYN, gadonta ƙin yaƙi ne ko na wane ne, duk da cewa Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi a 2014.

Wannan shekara ta 2014 na da muhimmanci wajen fahimtar zukatan mutane. Wanda ya gudo daga Michika ko Madagali ko Mubi, ya kwana a harabar coci a Jimeta, idan ya ji labarin wata ƙaramar al'umma da maƙiya suka kewaye, kansa yake gani a ciki. Goyon bayan da yawancin talakawan Kiristoci ke bai wa Isra'ila daga wannan tabo ya fito, ba daga littattafan Darby ba. Ba a yi musu adalci ba idan aka ce ƙiyayyar Musulmi ce kawai.

Amma akwai waɗanda wannan lissafi ya manta da su: Kiristocin Falasɗinu, masu kiran Ubangiji da sunan Allah kamar yadda Kirista Bahaushe ke yi. A 2009 shugabanninsu suka fitar da takardar Kairos, suna roƙon majami'un duniya su daina amfani da Baibul wajen halatta ƙwace musu ƙasa. An kashe mutane a harabar cocin Saint Porphyrius da ke Gaza a Oktoban 2023, an kuma kashe uku a cocin Katolika ta Iyali Mai Tsarki a Yulin 2025, wadda marigayi Paparoma Francis kan buga wa waya kusan kowane dare. Mai wa'azin da ya ce duk abin da sojan Isra'ila ya yi nufin Allah ne, sai ya nemi abin da zai faɗa wa waɗannan 'yan'uwansa a baftisma.

Harshenmu ma bai taimaka ba. Kalmar Bayahude ta zama zagi a Hausa, ana jifan mai mugun wayo da ita ko da bai taɓa ganin Bayahude ba. Furucin Yahudu da Nasara kuma kan dunƙule mai sayar da kayan miya a kasuwar Jimeta da ministan tsaron wata ƙasa a buhu ɗaya. Duka biyun sukan fito a kanun labarai ba tare da an tsaya an auna su ba.

Gwamnatin Najeriya ita ma ta sha sauya taku. Janar Yakubu Gowon, Kirista ɗan mai bishara, shi ya yanke hulɗa da Isra'ila a 1973. Janar Ibrahim Babangida, Musulmi, shi ya mayar da ita a 1992, bayan ƙasar ta amince da Falasɗinu a 1988. A Disamban 2014, ƙudirin da ya nemi sa wa mamayar Isra'ila wa'adi ya samu ƙuri'a takwas a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, alhali tara yake buƙata. Najeriya na cikin waɗanda suka ƙaurace.