Tsufan da ido ba ya gani a cikin farantan sola

A garin Gadaka da ke kudu da Potiskum a Jihar Yobe, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙura, Agusta kuma da danshi. Duk na'urar da aka kafa a sarari sai ta sha waɗannan ukun kowace shekara.

Faranti na silikon, wanda ya fi yawa a kasuwa, yakan rasa kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa a shekara, shi ya sa kamfanoni ke iya ba da garantin shekara 25. Sababbin farantan perobskait, waɗanda aka fara gwadawa a Japan a 2009 da ingancin kashi 3.8, yanzu sun wuce kashi 25 a ɗakin gwaji, amma tsufa ne babban rauninsu.

Wani ɓangare na matsalar yana cikin siririn shimfiɗi na ƙwayoyin zink oksaid ko titaniyom oksaid, wanda ke kwashe wutar da haske ya haifar. Kaurin kowace ƙwaya 'yan nanomita ne. Silin gashin mutum kuwa ya kai nanomita 80,000. Saboda ƙanƙantarsu, kaso mai yawa na jikinsu a fili yake, yana cuɗanya da iskar oksijin da tururin ruwa. A hankali ƙwayoyin kan dunƙule, manya su cinye ƙanana, hanyar wuta ta riƙa toshewa. Tun a kwalba, kafin a shafa su, wannan sauyi ke farawa. Abin mamaki, a wasu allunan haske masu zink oksaid an ga inganci ya ƙaru a kwanakin farko kafin ya soma raguwa, don haka awon ranar buɗe aiki yana iya yaudara.

A nan batun ya shafi jami'in da ke rubuta sharuɗɗan kwangila a Hukumar REA, da hadimin ɗan majalisa mai bin aikin mazaɓa. Ƙa'idar IEC 61215 ta tanadi a ajiye faranti awa 1,000 cikin zafin digiri 85 da danshi kashi 85. Takardar kwangila takan faɗi yawan wat da farashi. Abin da ya kamata ta ƙara shi ne shaidar wannan gwaji, da wa'adin sake auna farantin bayan ya ga damina biyu a Gadaka, kafin a saki ragowar kuɗin ɗan kwangila.