Komawa bakin aiki bayan shanyewar ɓarin jiki

A Kafanchan da kewaye, wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan fara tambayar yaushe zai koma aiki tun kafin ya iya riƙe cokali. Amsar tana hannun likitan gashi.

Sauƙi ya fi saurin samuwa a watanni 3 zuwa 6 na farko, idan an dage da motsa jiki: matsa ƙwallon roba, ɓalle maɓallin riga, takawa da sanda a tsakar gida. Abin takaici, iyalai da yawa sukan ɓata wannan lokaci wurin neman maganin sammu.

Malamin makaranta zai iya farawa da rabin yini. Manomin citta a Kwoi ko Kachia kuwa, fartanya na bukatar hannu biyu, gara ya koma kula da 'yan ƙwadago da ciniki. Ɗan acaɓa kada ya hau babur sai likita ya amince.

Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati gare su.

Hawan jini shi ne babban sanadin shanyewar ɓarin jiki, kuma ciwon yakan dawo. Kada a daina shan magani don an ji sauƙi.