Kafin 'Yan Gwangwan Su Gama da Fijo 504

Duk wanda ya bi lungunan Hotoro a Kano, ya ratsa Tarauni ya ɓulla Gyaɗi-Gyaɗi, zai ci karo da abin da ido ya saba da shi har ya daina lura: tsohuwar mota a ƙofar gida ko a kusurwar gareji, tayoyi sun sace, an ɗora ta kan bulo, ƙura ta rufe gilasanta. Yawancinsu Fijo ne, 504 ko 505, jefi-jefi a ga 404 a-kori-kura ko tsohuwar Marsandi. Masu su galibi ma'aikatan gwamnati ne da suka yi ritaya da 'yan kasuwar da, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Ƙarshen irin wannan mota sananne ne: wata rana 'yan gwangwan za su zo su yi ciniki, a yanka ta da wuta, a auna ta a kilo. Su kuwa samari masu sha'awar mota suna can suna kallon bidiyon tsofaffin motocin Amurka a waya, Ford Mustang da Dodge Charger, suna burin ranar da za su shigo da ɗaya. A ganina sha'awar tasu tana kan hanya, inda suka dosa ne ba daidai ba. Motar da ta cancanci Bakano ya kashe kuɗinsa ya farfaɗo da ita tana nan a unguwarsa.

Sai an san dalilin da ya sa Amurkawa ke tsadanta nasu kafin a gane wannan. Motocin nan masu ƙarfin inji zamaninsu gajere ne. An fi ƙirga farkonsa daga 1964, shekarar da kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji mai silinda takwas ya cusa a matsakaiciyar mota ya kira ta GTO, kuma a shekarar ne Mustang ta fito. Gasa ta yi zafi har a 1970 Chevrolet ta fitar da Chevelle mai injin lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Daga nan abubuwa uku suka taru suka karya kasuwar: kamfanonin inshora suka tsauwala kuɗi, dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, sai kuma takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973. Yaran da suka taso suna kwaɗayin waɗannan motoci su ne suka girma suka yi kuɗi, suka koma neman abin da ya fi ƙarfinsu a ƙuruciya. A Janairun 2020 an yi gwanjon Mustang ɗin 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt kan dala miliyan 3.74, alhali fentinta ya koɗe kuma ba a sabunta ta ba. Ba ƙarfe aka saya da wannan kuɗi ba. An sayi tarihi, da tabbacin cewa motar ita ce ɗin, ba a musanya ta ba.

To wace mota ce ke ɗauke da irin wannan tarihi a wurinmu? Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma ita ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 ce kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, ya fara harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, ya ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Turai ta daina yin salun ɗinta. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar manyan jami'ai. Ita ce motar babban sakatare da ta alƙali, ita ce ta kai amare, wagon ɗinta kuma ita ta riƙa jigilar fasinja daga tasha zuwa Maiduguri da Jos da Sakkwato. Hannun 'yan Arewa ne ya ɗaure kusoshinta. Idan akwai motar da jikokinmu za su so gani don su san yadda Najeriya ta taɓa harhaɗa abin hawanta, to ita ce. Gidan tarihi na Onikan a Legas ya adana Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, amma motar talakan ma'aikaci babu hukumar da za ta adana masa, sai dai mutane su yi da kansu.

Kano kuma tana da wata falala da ba a cika lissafawa ba. Babban maƙiyin tsohuwar mota tsatsa ce, ita kuwa danshi da gishiri take so. Shi ya sa masu tara motoci a Amurka ke rububin waɗanda suka rayu a busassun jihohi irin su Arizona, suna gudun na arewa inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Damina a nan 'yan watanni ce, sauran shekara iska a bushe take, don haka bodin motar da ta zauna a Hotoro ya fi na wadda ta sha iskar teku a Legas ko Kwatano lafiya. Abin da rana ke ci a wurinmu shi ne roba da kujeru da dashbod da fenti, kuma duk waɗannan ana sake su. Gangar jiki ce idan ta ruɓe ba ta da sauƙin magani.

Za a ce, kuma da hujja, ana fama da abin sawa a baki wa ke ta tsohuwar mota? Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masu sababbin motoci ma da yawa sun jingine su sun koma Adaidaita Sahu. Wannan magana tana da nauyi, amma kan motar Amurka ta fi faɗawa. Babban injin silinda takwas da ƙyar lita ɗaya ke kai shi kilomita biyar. Ga kuɗin jirgin ruwa da na kwastan, ga shi a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. Kowane ƙaramin kayan gyara sai an yi odarsa da dala, kusoshinta ma da inci aka auna su, sifanun kanikawanmu kuwa na milimita ne. Ita 504 injinta silinda huɗu ne, bai wuce lita biyu ba, kayanta na hannu ana samunsu a Ƙofar Ruwa, kuma har yanzu akwai dattawan kanikawa da ke saita kafiretonta da kunne. Ba kuma cewa ake yi mai neman na cefane ya shiga wannan harka ba. Magana ce ta wanda motar ke hannunsa, yana shirin sayar da ita a farashin ƙarfe, da wanda Allah ya hore masa yake neman inda zai kai sha'awarsa.

Ƙalubale na biyu ya fi wuyar amsawa, domin daga cikin garejin yake fitowa. Bakanike zai ce maka: Alhaji, me ya sa za ka wahala? A cire wannan tsohon inji a dasa na Toyota, a sa mata fitilun zamani, a watsa mata sabon launi, ta fita fes. Ga motar haya wannan dabara ce mai kyau, kuma da ita ce aka raya motoci da yawa da tuni sun mutu. Amma ga wanda ke son adanawa, wannan shi ne kashe motar. Darajar tsohuwar mota tana cikin kasancewar injinta da giyarta da launinta su ne waɗanda ta fito da su daga kamfani, lambobinsu sun dace da takardu. Kamar tsohuwar rigar saƙi ce: in ka farke aikinta na hannu ka sa na keke, ka samu riga mai kyau, amma ka rasa abin da ya sa ake tambayar kuɗinta. Ko da dole ta sa an canza wani abu, a adana na asalin a ɗaki, kada a bar shi a gareji ya bi yaran shago.

Akwai kuma wasu al'adun gyara da suka zama jiki a garejojinmu waɗanda ke cin waɗannan injuna a hankali. Ɗura ruwan rijiya ko na burtsatse tsagwaronsa a lagireto yana tara ƙanzo, yana kuma cinye kan injin 504 wanda na alminiyam ne. Ruwan sanyaya inji na kanti shi ya dace. Cire na'urar da ke daidaita zafin inji da sunan wai ƙasarmu da zafi yana hana injin kaiwa zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai da lalacewa. Mai gyaran bodi da ke lafta fila a kan tsatsa maimakon ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi walda, ɓoye cuta kawai ya yi, bayan damina biyu fenti zai kumbura. Ita ma ajiya ba hutu ba ce ga mota: fetur yana lalacewa ya toshe kafireto, man birki yana jan danshi, taya tana tsagewa ko ba ta taka ƙasa ba. Gara a riƙa tayar da ita ana zagayawa har injin ya yi zafi sosai. Game da haɗari kuwa, babu amfanin musu: mota ce da aka zana kafin zamanin jakar iska, bai kamata a yi tseren hanyar Zariya da ita ba. Ta fitar Juma'a ce da ta biki da zagayen cikin gari.

Mai niyyar saye ya fara daga ƙasa, kada ƙyallin fenti ya ɗauke masa hankali. A ɗaga kafet a duba daɓen motar, a duba ƙarƙashin batir da cikin but da gindin ƙofofi, a bi bodi da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa fila ce. A gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takarda. Sai kuma matsalar da ta fi yawa a unguwanninmu, wadda ba ta bakanike ba ce: da yawa daga motocin nan kayan gado ne da ba a raba ba. Ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da abin da yake na magada duka, mata da marayu a ciki. A nemi yardar kowa a rubuce, gaban shaidu, a kuma karɓi takardun asali tun daga rasiɗin saye in yana nan, kafin a kira janwe.